Girman Batir Kaɗai Ba Ya Hana Caji Ƙarewa

Daga Ƙofar Atiku zuwa sauran unguwannin Sakkwato, tambayar farko da matashi ke yi idan zai sayi waya ita ce, "mAh nawa ne batirinta?" Da an ce masa 5000, sai ya biya hankali kwance. Bayan 'yan watanni kuma ga shi a shagon mai caji tun kafin la'asar. Tambayar tasa ce ba ta cika ba.

Waya tarin sassa ce: kyamara, Wi-Fi, Bluetooth, GPS da sauransu. Kowane sashe yana da 'yar manhajar da ke sarrafa shi, wadda ake kira direba. An gina Android ne a kan Linux, kuma tun 2009 Linux ke da tsarin da ke ba direba damar kwantar da sashensa barci alhali wayar tana kunne. Lissafi ake yi: duk lokacin da aka buƙaci sashen a ƙara ɗaya, idan an gama a rage ɗaya. Da ya koma sifili, sai a ɗan jira, a rage wa sashen wuta. Idan marubucin direban ya manta da ragewa ko a wuri guda, sashen ba zai runtsa ba, zai yi ta shan caji a aljihu. Wayar da ke ɗumi ba a taɓa ta ba, ruwa ba ya tsami banza.

A Sakkwato asarar biyu ce. Ga kuɗin caji idan babu wuta, ga zafin Afrilu da kan wuce digiri 40, wanda ke saurin tsufar da batir.

Manhajojin da ke iƙirarin adana caji ba su da ikon taɓa direba. Gyaran yakan fito ne daga masu ƙera ƙwaƙwalwar waya irin su MediaTek, Unisoc da Qualcomm, ya iso ta sabuntawar da kamfanin wayar ke turowa. Gaskiya ne sabuntawa na cin data, amma kuɗinta bai kai na sabon batir ba.

Google ya yi wa Pixel 8 alƙawarin sabuntawa ta shekara 7, Samsung ma ya yi wa Galaxy S24. Masu ƙananan wayoyi sun cancanci a faɗa musu nasu adadin. Kafin a biya, a tambayi mai shago: shekara nawa kamfanin zai riƙa turo gyara?