Guzurin mai ba da labarin hanyar Arlit

Matasanmu masu sha'awar ba da labarin tafiye-tafiye sun ɗauka aikin duk a cikin waya yake. Da yaro ya ƙudura bin hanyar Agadas zuwa Arlit don ya nuna wa jama'a abin da ke arewa, tambayarsa ta farko ita ce wace waya ta fi ɗaukar hoto, ta biyu kuma nawa ake sayar da ɗan jirgin nan marar matuƙi. Ni da nake zaune a Cirozerin, ina ganin masu zuwa da masu komawa, ban yarda da wannan lissafi ba. Waya mai matsakaicin kuɗi ta isa. Da yawa sun zo da kayan miliyoyi sun koma da hotunan rairayi da na raƙuma, irin waɗanda kowa ya gaji da gani, don ba su tanadi abin da hanyar take bukata ba.

Mu fara da wuta, tunda garinmu garin wuta ne. A nan Anu Araren kamfanin SONICHAR yake haƙar kwal yana ƙonawa. An kafa shi a 1975, injinansa biyu suka fara ba da lantarki a farkon shekarun 1980, kowanne megawat 18.8, kuma dalilin gina su shi ne ma'adinan yuraniyom na Arlit da Akokan. Manyan wayoyin da ke kai wutar can suna ratsa daji, suna wucewa ta saman rugage da rijiyoyi. Matafiyin da motarsa ta lalace a tsakiyar hanya zai zauna ƙarƙashin waɗannan wayoyi, yana kallon su, batirinsa yana mutuwa. Tsakanin Agadas da Arlit kilomita wajen 240 ne, amma kada wannan adadi ya ruɗi kowa. Kwaltar da aka shimfiɗa don jigilar yuraniyom ta cinye a wurare da yawa, direbobi kan sauka su bi gefe cikin ƙura, tafiyar da taswira ta ce ta 'yan awoyi ce sai ta zama wuni. Saboda haka batirin ajiyar wuta guda biyu masu matsakaicin girma sun fi guda ɗaya ƙato, don idan ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Ga kuma ƙaramin faifan sola mai naɗewa, da cajar mota, da wayar caji ta biyu. Wayar caji ce ta fi kome saurin lalacewa, ita ce kuma ba a tunawa da ita sai an nema.

Zafi ma abokin gaba ne. A watan Afrilu da Mayu, wayar da aka ajiye a gaban gilashin mota takan kashe kanta kafin azahar. Direbobin hanyar nan suna naɗe tasu a gefen rawani ko cikin tsumma su tura ƙarƙashin kujera. Idan kuma ta ƙi karɓar caji, kafin a ce ta lalace a duba ramin: sau da yawa ƙura ce ta dunƙule a ciki, tsinken sakace yake fitar da ita a hankali.

Maganar layi gajeruwa ce. Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecoms duk suna aiki a ƙasar, amma babu wanda ya rufe dajin gaba ɗaya. A riƙe layi biyu, a sauke taswira tun daga Agadas, a yi rubutu da gyaran hoto ba tare da intanet ba, a aika idan an shiga gari. Kuɗi kuwa, Nita da Al Izza da Amana sun sauƙaƙa karɓar aike a garuruwa, sai dai mai shayin bakin hanya canji yake so.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne takarda. Littafin rubutu irin na 'yan makaranta da fensir, ba biro ba, domin biro kan tsiyaye a aljihu idan rana ta yi zafi. Hoto ba ya riƙe sunan rijiya, ba ya riƙe farashin buhun albasa a ranar da ka wuce, ba ya faɗa maka dalilin da ya sa lambun da ke bakin ƙorama ya bushe bana. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Agadas a watan Oktoba na 1850 da ƙananan littattafan rubutu da Hausar da ya koya a hanya. Har yau masana tarihin Abzin suna komawa ga abin da ya rubuta. Dorugu, yaron da ya bi shi har Turai, bai da kome sai ƙwaƙwalwa da baki, ya faɗa wa wani mai suna Schön labarin tafiyarsa da Hausa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Wato muna da gadon wannan sana'a. Abin takaicin shi ne labarin arewacin ƙasarmu mafi yawansa da Faransanci aka rubuta shi, kuma baƙi ne suka rubuta. Ɗan Maraɗi ko ɗan Katsina da yake cin albasar Abzin ya fi sanin fasalin Dubai a kan Timia ko Iferwan. Yanzu ba sauran uzuri, tunda allon rubutu na Gboard yana da ɓ da ɗ da ƙ.

Sai mai masauki. Baƙo ko da ido makaho ne, a arewa kuwa har da kurumta, domin Hausa za ta kai ka kasuwa da tasha, amma a ruga Tamashek ake ji. Nemi wanda zai gabatar da kai, ka biya shi haƙƙinsa, ka sa sunansa a labarin in ya yarda. Ka koyi gaisuwa. Ka zauna a sha shayin nan har zagaye na uku kafin ka taɓa aljihunka, domin maganar da ta dace a rubuta ba ta fitowa a kofin farko. Kada ka ɗaga waya a kan matan mutane ko dattijo mai rawani ba da izini ba. Ko a Dabus, inda aka sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse tun dubban shekaru, babban ya haura mita biyar, akwai masu gadi daga mutanen wurin, kuma ta hannunsu ake bi. Su ne za su nuna maka ƙananan zane-zanen da ke kewaye, waɗanda mai gaggawa yake takawa bai sani ba.

Jirgin nan marar matuƙi kuwa, shawarata a bar shi a gida. Wannan yanki bai manta da sace mutum bakwai masu alaƙa da kamfanonin Areva da Satom a Arlit cikin Satumba 2010 ba, bai kuma manta da hare-haren 23 ga Mayu 2013 a barikin Agadas da ma'aikatar SOMAIR ba. Tun da gwamnati ta ƙwace lasisin ma'adinin Imuraren daga kamfanin Orano a Yuni 2024, ta kuma mayar da SOMAIR hannun ƙasa a Yuni 2025, idon hukuma ya ƙara buɗewa a kan duk mai ɗaukar hoto kusa da ma'adinai. Shingen jami'an tsaro, bariki da ayarin motocin soja ba abin ɗauka ba ne. A ajiye katin shaida kusa, a faɗi gaskiyar abin da ya kawo mutum. A kuma san cewa a Yuni 2024 an gyara dokar laifuffukan intanet ta 2019, aka maido da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da yaɗa abin da zai ta da hankalin jama'a. Mutum na iya ƙin dokar, ni ma ina da ja a kanta, amma jahiltarta ba ta fitar da kowa daga hannun jandarma. Kuma kada ka sanar da duniya inda kake kwana yau. Bari ka bar wuri tukuna ka ba da labarinsa.

Kada a ɗauka ina cewa a tsaya kan duwatsu da faɗuwar rana. Amina Weira, wadda mahaifinta ya yi aiki a ma'adinan, ta yi fim ɗinta na 2016 a kan ƙura da cututtukan Arlit ta hanyar zama da mutanen garin tana saurare. Almustafa Alhasan na ƙungiyar Aghir in'Man ya yi shekara da shekaru yana bin diddigin ƙarafan da ke fitowa daga ma'aikata su shiga kasuwa, a ƙera tukwane ko a yi rufin ɗaki da su, har ya sami lambar Nuclear-Free Future a 2017. An rufe ma'adinin COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, aka bar tarin dusar ma'adini kusan tan miliyan 20 a gefen Akokan, ɗaruruwan ma'aikata suka watse. Wasu suna nan Cirozerin, wasu a Agadas, wasu sun koma Tawa da Damagaram. Mutane ne da suka yi shekara ashirin ko talatin suna sauka ƙarƙashin ƙasa a ramin COMINAK na Akuta, kuma suna tsufa.

Ɗaukar maganar irin wannan dattijo ba ya bukatar tsada. A shiga ɗaki ko zaure don iska tana cinye murya, a kashe fanka, a sa wa makirfon ɗin waya safa mai tsabta, a ajiye ta kusa da bakinsa a kan tabarma. A tambaye shi ko ya yarda a ambaci sunansa, in ya ce a'a a sauya, a kuma cire duk abin da zai sa a gane shi. Da dare a kwafe muryar zuwa memori na biyu a ajiye shi a wata jaka dabam da ta wayar. In an gama rubutun, a tura wa ɗansa ko jikansa ta WhatsApp ya karanta masa kafin a buga, domin shi ne zai ci gaba da zama a unguwar bayan marubuci ya hau mota.