SHARHI: Bindigar da ake zargi da tashi ba a taɓa kunama ba, da dokar da ta hana a tilasta janye ta

A watan Oktoban 2000, a jihar Montana ta Amurka, wata uwa ta zare makullin kariya na bindigarta ta farauta samfurin Remington 700 domin ta fitar da harsashi. Bindigar ta tashi, harsashin ya ratsa tirelar dawakai ya kashe ɗanta mai shekara 9. Ta dage cewa yatsanta bai kusanci kunama ba.

Remington 700 bindiga ce mai sakata, wadda ake ja da hannu a fitar da kwanso, a tura a ɗora sabon harsashi. Ta shiga kasuwa a 1962, kuma har zuwa 1982 sakatarta ba ta buɗuwa sai an zare makullin kariya. Ma'ana, mai son sauke harsashi dole ne ya fara cire abin da ke hana bindigar tashi. A Mauser 98 da Winchester 70 kuwa, makullin na da matsayi uku, kuma na tsakiya yana barin a buɗe sakata alhali bindigar na kulle.

Takardun cikin gida da tashar CNBC ta fallasa a 2010 sun nuna cewa injiniyan da ya ƙera kunamar, Mike Walker, ya ba da shawarar a yi mata gyara tun 1948, a kan kuɗin da bai kai santi shida ba kowace bindiga. Ba a karɓa ba. Kamfanin dai ya ci gaba da musanta cewa akwai aibi a ƙirar, yana ɗora laifi kan rashin kula da bindiga da kuma taɓa saitin kunama.

A nan ne siyasa ta shigo. Hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka tana iya tilasta janye gadon jarirai ko abin wasan yara daga kasuwa, amma a 1976 majalisar dokokin ƙasar ta haramta mata taɓa bindigogi da harsasai. Saboda haka iyalan mamata ba su da mafaka sai kotu, inda aka sasanta ƙararraki da dama a asirce.

A 2014 kamfanin ya amince zai sauya kunamar bindigogi kusan miliyan 7.5 kyauta, ba tare da amsa laifi ba. Lokacin da alƙali ya amince da yarjejeniyar a 2017, mutum kusan 22,000 ne kacal suka nemi gyaran. Remington ya bayyana karyewar arziƙi a 2018, ya sake a 2020, aka sayar da kadarorinsa kashi-kashi.

Ragowar bindigogin suna hannun jama'a, don haka nauyin ya koma kan mai riƙe da su. Ƙa'idar da masu koyar da harbi ke nanatawa ita ce: a karkata bakin bindiga inda ko ta tashi ba za ta sami kowa ba, a janye yatsa daga kunama, a fitar da harsasan ma'aji, a buɗe sakata, a duba mazaunin harsashi da ido da yatsa. Sai an tabbatar babu komai a ciki sannan a kwance ɗanin, ta hanyar danne kunama yayin rufe sakata a hankali. Yin haka da harsashi a ciki ganganci ne, domin allurar harbi za ta kwanta a kansa, kuma ɗan bugu kaɗan na iya tayar da ita.

Tirela ko bango ba kariya ba ne daga harsashin farauta. Kuma har yau babu hukumar tarayya a Amurka da ke da ikon tilasta janye bindiga mai aibi daga kasuwa.