Kwamfutar Hannu Ba Ta Koya wa Yaro Baƙi

Ya ku 'yan'uwa malamai, da iyayen yaran da aka damƙa mana amanarsu,

Da wuya zangon karatu ya wuce ba a kira wasu daga cikinmu taron bita a Gusau ba. A zaunar da mu a ɗaki mai sanyi, a haska mana hotunan yaran wata ƙasa, kowa riƙe da kwamfutar hannu yana murmushi, sannan a ce mana nan koyar da karatu da rubutu ya dosa, wanda bai bi ba an bar shi a tasha. Mu karɓi takardar shaida da kuɗin mota, mu biyo hanyar Ƙaura Namoda muna addu'ar isa gida lafiya. Ranar Litinin mu shiga aji biyu, mu tarar da yara zaune a ƙasa, littafin karatu ɗaya tak a hannun malami, allon bango ya koɗe har alli ba ya kama shi. Abin da aka nuna mana a Gusau ya tsaya a Gusau.

Matsayinmu a wannan reshe a fili yake. Duk kuɗin da za a kashe wajen sayo wa yaran aji ɗaya zuwa uku na'urori, alhali ba su da littafin karatu a hannu, kuɗi ne da aka ɗauke daga abin da ake da tabbacin yana aiki aka zuba a abin da ake fata kawai. Kuma yaran Zurmi da Moriki da Dauran da Kwashabawa ba su da shekarun da za a yi gwaji da su. Wanda ya bar aji uku bai iya haɗa baƙi da wasali ba, sauran karatunsa kwafe ne daga allo ba tare da fahimta ba, har ranar da zai gaji ya daina zuwa. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kusan yara 9 cikin 10 masu shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Mu da muke shiga aji kullum, wannan lissafi bai ba mu mamaki ba.

Mu fara da abin da ya faru a kan idonmu. A farkon Satumban 2021, bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, an rufe makarantun Zamfara baki ɗaya, an kuma katse layukan sadarwa a faɗin jihar. Mu da ke wajen Gusau mun yi makonni masu yawa ba kira, ba saƙo, ba intanet. Da a ce darasin karatun yaranmu a intanet yake rataye, da ya mutu a rana guda da umarnin hukuma. Littafin takarda kuwa ba ya neman sabis, ba ya neman caji. Iyalin da tashin hankali ya kora daga ƙauye zuwa cikin garin Zurmi ko Shinkafi suna iya cusa shi cikin buhun kaya, yaro ya buɗe shi a duk inda aka sauka. Sannan a tambayi kowane shugaban makaranta ko zai iya barci in an ajiye masa kwamfutoci arba'in a ofishin da ƙofarsa ba ta da ƙwaƙƙwaran kwaɗo. Ranar da suka ɓace, shi za a fara tuhuma, kuma tsoron haka ne ke sa a kulle irin waɗannan kaya a akwati har batirinsu ya lalace ba yaron da ya taɓa su.

Waɗanda suka riga mu gwadawa sun bar mana darasi. Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro. Da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya bibiyi makarantun karkara 319, rahotonsa na 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma sakamakonsu a harshe da lissafi bai ɗaga ba. A Kisumu ta Kenya an yi gwajin da ya fi kusa da halinmu. Makarantu duka sun sami littafin ɗalibi da jagoran malami da horo, sannan aka raba su uku: a wasu aka ba yara na'urar karatu, a wasu aka ba malamai kwamfutar hannu, a wasu kuma jami'in da ke zagayawa duba darasi kaɗai aka ba. Dukkansu sun ci gaba, kuma ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu ba, sai dai a tsada, inda na'urorin yara suka cinye kuɗi mafi yawa. Shi ya sa da Kenya ta shimfiɗa shirin Tusome a faɗin ƙasar daga 2015, littafi ta sa a hannun yaro, kwamfutar hannu kuma a hannun mai duba malami. Har Suwidin, ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, a 2023 gwamnatinta ta ware kuɗi domin mayar da littattafan takarda azuzuwan ƙananan yara.

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. Shirin RANA na koyar da karatu da lissafi da Hausa, wanda UNICEF ta tallafa, a Katsina da Zamfara aka fara shi. Takwaransa Mu Karanta ya gudana a Sakkwato da Bauchi. Ginshiƙansu iri ɗaya ne: littafi a hannun ɗalibi, jagora a hannun malami mai bayyana darasin kowace rana, da wanda zai shigo aji ya zauna ya ga yadda aka koyar, ya gyara cikin mutunci. Malaman da suka sami wannan horo suna nan a cikinmu. Abin da ya ƙare shi ne littattafan, domin takarda tana yagewa, kuma shirin masu tallafi yana da ranar rufewa. Maimakon a sake buga abin da aka riga aka rubuta aka gwada, sai a zo mana da sabon labari. An bar jaki ana dukan taiki.

Akwai kuma abin da manhajar waya ba ta sani ba game da yaronmu. Yaron Zurmi yana cewa hwara da biyat, littafi kuma yana rubuta fara da biyar. Malamin da ya tashi a nan ya san wannan, ya san yadda zai nuna wa yaro cewa maganar gidansu daidai ce, rubutu kuma yana da ƙa'idarsa. Muryar da aka naɗa a Kano ko Abuja sai dai ta ce masa ya yi kuskure. Haka nan baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka tsayar a rubutun boko tun shekarun 1930 a Zariya. Wayoyi da yawa suna zuwa ba a saita su ba, har manya sun saba rubuta baki a wurin baƙi, kafa a wurin ƙafa, fada a wurin faɗa. Yaron da ya fara ganin Hausa a irin wannan rubutu, sai mun sake kwance masa abin da ya koya. Mun san a Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare, mun kuma ji a Nuwamban 2025 ministan ilimi ya sanar da janye wannan manufa. Ko wane harshe aka rubuta a takardar hukuma, yaro sai ya fara gane cewa baƙi sauti ne kafin ya karanta komai, kuma a harshen da yake ji ya fi saurin ganewa. Hausa tana da wannan falala cewa kusan yadda ake furta ta haka ake rubuta ta.

Za a ce mana muna son yaranmu su zauna a duhu, alhali tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma a duba abin da ke kayar da ɗalibi a ɗakin jarrabawar nan. Danna maɓalli abu ne da matashi ke koya cikin mako guda, kamar yadda ya koyi wayar yayansa ba wanda ya zaunar da shi. Karanta tambaya cikin sauri a fahimce ta kuwa aikin shekaru ne, kuma a aji ɗaya ake aza harsashinsa. A kai kwamfutoci manyan azuzuwa da makarantun sakandare, inda akwai ɗaki mai tsaro da farantin sola, za mu yi maraba da su. A ƙananan azuzuwa a bar mu mu gama aikin farko.

Wannan aiki ba ya buƙatar abin da ya fi ƙarfinmu. Minti goma na farkon darasi a ba sautin baƙi: malami ya furta, a furta tare, sannan yaro ya furta shi kaɗai, a haɗa m da a su ba da ma, a juya gaɓoɓi a kan katunan da aka yanka daga kwalin taliya har su haifi kalma. Inda babu littafin rubutu, ƙasa da tsinke sun isa a fara. Kowace rana a yi shifta ko da jimla biyu ce, malami ya zagaya ya duba da idonsa. Sau ɗaya a wata a ba kowane yaro minti ɗaya ya karanta da murya, a ƙirga kalmomin da ya samu daidai, a rubuta a bayan rajista. Da wannan ƙirga za a raba aji gida-gida, masu baƙi daban, masu gaɓa daban, masu jimla daban, ko da na rabin awa ne. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta shahara da wannan dabara ta koyar da yaro daga matakin da yake, an kuma gwada ta a Wudil da Dawakin Tofa a jihar Kano. Insha'i kuma ya fito daga rayuwar yaro, girbin gero ko ranar kasuwa ko tatsuniyar da kakarsa ta yi masa daren jiya. A tattara mafi kyawu a ɗinke da zare, aji ya sami littafin da ya rubuta da kansa.

A cikin wannan tsari na'ura tana da gurbinta, kuma gurbin yana hannun malami. Wayar da ke aljihunmu, da katin ajiya da ƙaramar lasifika mai cajin rana, tana iya kawo wa aji labari da murya mai daɗi. Wanda ya shiga inda akwai sabis ya sauke darussan Hausa, ciki har da na Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ƙaddamar da UNICEF a Maris 2022, ya tura wa abokan aiki ta Xender ba tare da data ba. A naɗi karatun yaro a farkon zango da ƙarshensa, a kunna wa mahaifinsa ya ji bambanci da kunnensa. Kowannenmu ya saita madannin Hausa na Gboard, mu daina tura wa juna rubutu marar lanƙwasa. Rediyo ma na'ura ce, kuma ita ta kai darasi ƙauyuka da dama a Arewa lokacin da korona ta rufe makarantu a 2020.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka mu faɗa wa kanmu gaskiya. Akwai a cikinmu wanda wayar nan ita ke raba shi da ajinsa, yana WhatsApp yara suna ta maimaita layi ɗaya. Akwai wanda ya yi zango bai saurari karatun yaro ɗaya shi kaɗai ba. Ƙungiyar da ke neman haƙƙinta dole ta tsawata wa irin wannan, domin da shi ake kafa hujja a ce na'ura ta fi malami.

A Nuwamban 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Zamfara. Muna kira ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da sakataren ilimi na ƙaramar hukumarmu da a auna nasarar wannan doka da abin da yaron aji uku ke iya karantawa. A sake buga littattafan karatun Hausa, kowane yaro da nasa, a sa kuɗin sabunta su a kasafin kowace shekara. A ba kowane malamin ƙananan azuzuwa jagoran darasi. A gyara allunan bango, a kawo alli a kan lokaci. A ba jami'an duba makarantu abin hawa da man da za su iso ajinmu, in akwai kwamfutar hannu a ba su ita. Duk wanda ya zo da tayin na'ura kuma a tambaye shi a gaban malamai: tana aiki ba intanet? Da Hausa take, da baƙaƙenta cikakku? Wa zai gyara ta in ta lalace a shekara ta biyu? Littattafai nawa kuɗinta zai saya?

Ku kuma iyaye, yau da dare ku kira ɗanku ko 'yarku ta aji uku, ku miƙa musu kowace takarda mai rubutun Hausa, ku ce su karanta muku layi biyu. In sun kasa, ku zo makaranta ku tambaye mu dalili, haƙƙinku ne. Daga nan ku raka mu, tare da kwamitin makaranta, zuwa ofishin ilimi mu nemi littafin.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, Ya kuma ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka.