Kifi Na Ganinka, Mai Jar Koma

Duk wanda ya taɓa zama a bakin ruwa a Yawuri ko Malale da hantsi, sa'ad da jirage ke dawowa daga su, ya san maganar da aka fi yi: ruwa ya yi tauri, kifi ya yi nisa, mai inji ne kaɗai ke ci. Daga nan sai a yanke hukunci cewa maganin talaucin masunci shi ne ya mallaki kaya masu tsada, wato injin Yamaha a bayan jirgi da ɗaurin raga sabuwa fil daga kanti. 'Yan kasuwa na faɗin haka domin su ke sayarwa. 'Yan siyasa na faɗin haka domin injin jirgi yana kyau a hoto ranar rabon tallafi. Ni kuwa ina ganin wannan magana tana cikin mafi cutarwa da aka taɓa cusa wa masunta, kuma zan kawo dalilaina.

Bari in fara da ba abokan jayayyata haƙƙinsu. Araha ba ta ado. Ƙugiyar da ke miƙewa in babban kifi ya ja ta, da zaren da ke tsinkewa a wata guda, da jirgin da aka haɗa da ruɓaɓɓen katako, duk asara ce da aka saya da kuɗi. Wanda ya ƙara 'yan nairori ya sayi mai ƙarko ya yi hankali, ba ni da ja a nan. Haka kuma gaskiya ne mai inji yana isa inda mai filafili bai isa ba, ya dawo kasuwa kafin rana ta lalata kamun. Jayayyata tana kan abin da ake ɗorawa a kan wannan gaskiyar, cewa wai gwargwadon tsadar kayanka gwargwadon arzikinka.

Kaya ba su haifar kifi. Wannan ita ce gaɓar da ake tsallakewa. Manomin da ya sayi taki ya ƙara wa gonarsa albarka, buhunan da ya samu ba daga rumbun maƙwabcinsa suka fito ba. Masuncin da ya sayi inji da doguwar raga bai ƙara wa tafki ko ƙarfasa ɗaya ba. Ƙarin da ya gani a jirginsa daga wuri biyu kawai zai fito: ko daga rabon maƙwabcinsa na yau, ko daga rabon kansa na baɗi. A ƙaddara masunta goma ne a kan ruwan da ke ba da kwando ɗari a shekara. Na farko da ya sayi inji zai kwashi ashirin, sauran su raba tamanin. Ganin haka sai kowa ya ci bashi ya sayi nasa. In an zo ƙarshen lissafi, kowa ya koma kan kwando gomansa, sai dai yanzu akwai kuɗin fetur da na makaniki da bashin da ke jira. Mutum guda ne ya ci riba a wannan tsere, kuma ba ya shiga ruwa: mai kantin inji.

Wani zai ce ai wannan lissafin takarda ne. To, mu duba tafkin Kainji kansa. An kammala madatsar a 1968, ruwa ya mamaye filaye da dazuzzuka, kifi ya samu abinci ya hayayyafa, masunta suka yi ta kwararowa daga ko'ina. Cikin shekarun 1970 kamun ya faɗi ƙasa warwas. Daga baya aka shigo da dala, wani makeken taru mai ƙananan idanu kamar na gidan sauro, wanda ake ja zuwa gaɓa da ƙarti da yawa. Dala ba kayan talaka ba ne, sai mai jari. An yi ta ne don ƙananan kifin nan da ake shanyawa a rana, amma idonta bai san bambanci ba. Tana kwaso 'ya'yan ƙarfasa da na giwan ruwa da na ragon ruwa tun ba su kai tsawon yatsa ba, a daidai bakin gaɓar da suke fakewa su girma. Mai dala ya samu kuɗi, mai kalli da mai birgi da mai mamari suka biya. Abin ya kai ga a ƙarshen shekarun 1990 aka haramta ta a tafkin, da haɗin gwiwar jihohin Neja da Kebbi da sarakunan gargajiya da wani shiri da Jamus ta tallafa. Kayan da suka fi kowanne tsada a ruwan su ne waɗanda dole ta sa aka hana.

Kada a ɗauka rashin ilimi ne ko ƙarancin na'ura ya jawo mana haka, domin waɗanda suka fi mu na'ura sun fi mu faɗawa ramin. A gaɓar Newfoundland ta Kanada an yi ɗaruruwan shekaru ana kama kifin da mu muka sani a bushe da sunan okporoko, da ƙananan jirage da ƙugiya, bai ƙare ba. Da aka kawo manyan jiragen da ke gano garken kifi da na'ura, suna sharar gindin teku, suna daskarar da kamun a cikinsu, 'yan shekaru kaɗan suka isa. A watan Yulin 1992 gwamnatin Kanada ta rufe sun baki ɗaya, mutane wajen 30,000 suka rasa sana'a, kuma sai a 2024 aka sake buɗe shi, shi ma da ƙaramin kaso. Na'urorin sun yi aikin da aka saye su dominsa. Sun gano kifin har na ƙarshe.

Yanzu mu juyo gida mu dubi kishiyar wannan. A Argungu, ranar babban su, dubban mutane ke faɗawa Matan Fada ba su riƙe da komai sai homa da gora, kayan da kakanninsu suka sani. Da waɗannan ake fito da giwan ruwa mai nauyin fiye da kilo 70, irin wanda mai inji zai shekara yana yawo bai yi ido huɗu da shi ba. Asirin yana ga doka: an hana taɓa wannan yanki na kogin sai ranar da aka buɗe shi, akwai Sarkin Ruwa mai tsaron wannan hani, kuma ana jin maganarsa. Kifin ya samu shekarun da zai girma. Tun 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, ake wannan biki, kuma darasinsa na nan a fili ga mai son gani: hutun ruwa ya fi tsadar raga.

Sai kuma batun aljihu, wanda masu tallar inji ba su son a taso. Inji da raga da ƙugiya galibi daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala ta Amurka. Ran 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Mai filafili ya ji zafin a kasuwa kamar kowa, mai inji kuwa ya ji shi tun kafin ya bar gaɓa, domin kullum sai ya kama kifin fetur kafin ya fara kama na tuwo. Ga shi kuma mafi yawan injinan nan ba da kuɗin hannu aka saye su ba. Dillalin kifi ne ke bayarwa, da sharaɗin shi za a riƙa sayar wa kamu a farashin da ya yanka. Ina da ɗan'uwa da ya shiga irin wannan yarjejeniya. Shekara uku yana tashi da asuba, injin ya tsufa a hannunsa, bashin bai tsufa ba. Ana ce masa mai jirgi, alhali ɗan aiki ne da ba a biyansa albashi.

To ina ya kamata kuɗin ya tafi? Ya tafi inda zai hana asara, domin a nan ne riba ba ta fitowa daga aljihun kowa. Kifin da ya ruɓe kafin a kai kasuwa, da bandar da ta ƙone ko ƙwari suka cinye, an riga an sha wahalar kama su. Murhun banda irin na Chorkor, wanda aka ƙirƙiro a Gana wajen 1969, da laka da katako da ragar waya ake yin sa, yana ɗaukar faifai bisa faifai a wuta ɗaya, yana rage cin itace. Akwatin ƙanƙara na ba masunci ikon cewa dillali a'a, ya jira mai saye na biyu. Raga mai faɗin ido, wadda yatsu uku ko huɗu ke shiga, tana barin ƙaramin kifi ya wuce ya yi ƙwai kafin a sake haɗuwa da shi. Rigar ceto kuwa ba ta kama ko tarwaɗa ɗaya, amma tana mayar da uba ga 'ya'yansa ranar da iska ta juya. A haɗa kuɗin waɗannan duka, ba su kai na inji ɗaya ba.

Saboda haka, mai girma ɗan majalisa, in ka tashi rabon tallafi a bana, ka tambayi Sarkin Ruwa kafin ka tambayi ɗan kwangila. Ka ba shi goyon bayan da zai iya rufe wurin ƙwai na 'yan watanni, ya kuma ƙwace haramtacciyar raga ko ta wane ne. Kai kuma ɗan'uwa masunci, kafin ka sa hannu a bashin inji, ka zauna ka ƙirga kwando nawa za ka kama kowane mako don fetur kaɗai, sannan ka tambayi kanka ko ruwan da ka sani yana da su. Magabata sun ce kifi na ganinka, mai jar koma. Sabuwar koma tana burge mutanen gaɓa, amma a gindin ruwa ake hisabi.