Gyaran Gida Da Dasa Inuwa Ba Sai Shekarar Wadata Ba

Manoman ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan sun ga shekaru masu nauyi bi da bi. A 2016 tsutsar nan da a ke kira Sharon ta cinye tumatir a fadamu, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan abin. A 2020 aka rufe kasuwanni saboda annobar korona. A farkon 2023 takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo, mutum ga kaya a kasuwa ba mai saye. Kafin a farfaɗo, a ƙarshen watan Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, duk mai injin ban ruwa ya ji a jikinsa. Sa'an nan a 2025 hatsi ya faɗi warwas, taki kuwa ya ƙi saukowa.

To, in abu ya yi tsanani haka, gida shi ne ya kan fara shan wuya. Maigida ya kan dubi katangarsa ta zube, ya dubi danga ta kwanta, ya ce, "Sai shekara ta yi kyau." Da hantsi ya fice bakin hanya, can za a zauna a yi ta lissafin tsada har la'asar, ya komo gida da ɓacin rai fiye da wanda ya fita da shi. Iyali kuwa suna nan cikin rana, ba rumfa ba itace. Wannan kuskure ne babba. Shekarar da aljihu ya bushe ita ce ta fi cancantar a gyara gida, gama yawancin gyaran nan ba kuɗi ya ke ci ba, ƙarfi ya ke ci, ƙarfin kuwa yana nan.

Da farko a duba bango. Tsagar da kwando biyu na ƙasa za su toshe ta a watan Fabrairu, in an bar ta ruwan Agusta ya shiga, sai ta kā da ɗaki. A ƙasar Zazzau a kan sami ruwan sama kamar milimita 1,000 a shekara, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba, watau bangon ƙasa yana shan duka wata biyar ko shida. Sai a haƙo jar ƙasa, a cuɗa da ramno ko kashin shanu, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ko uku ta ruɓa kafin a yi yaɓe. Wanda ke da ɗorawa kusa kada ya zubar da ɓawonta, domin da shi a ke yin makuba, makuba kuwa ita ce ta tsare sorayen Zazzau tun ba a san siminti ba. A gyara indararo ya riƙa zubar da ruwa nesa da gindin bango, a yashe wuriya, a cike ko wane kwari da ruwa kan kwanta a tsakar gida, don a nan sauro ya ke haihuwa. Kada a manta da rumbu. Wanda ya bar jinkar rumbunsa tana yoyo ya yi noma ne don gara da ruɓa.

Na biyu daɓe. Tsakar gida in an zuba mata marmara, aka yayyafa ruwa, mata suka bi ta da maɓaɗi, aka shafe da ruwan makuba ko na bagaruwa, ta kan yi santsi da ƙarfi. A kanta a ke shanya masara da barkono ba tsakuwa ba ƙasa, hatsi mai tsabta kuwa ya fi daraja a kasuwa. A kanta kuma a ke shimfiɗa tabarma da dare.

Na uku rumfa. Dirka huɗu ko shida, da ƙyami a gicciye, da karan dawa a sama, shi ke nan. A Makarfi da Kudan, inda rake ya ke da yawa, busasshen ganyensa da a kan cinna wa wuta a gona ya isa ya ƙara wa rumfa kauri. A babbaka gindin dirka kaɗan, a zuba toka a ramin kafin a kafa, gara za ta yi jinkirin kama ta. A ɗora harawa da ganyen gyaɗa a bisa, ga inuwa ga abincin dabbobi ya tsira daga bakinsu. A gina dakali a gefe, a kafa randa a kusurwa, a kewaye ɓangaren gabas da zana saboda iskar hunturu. Murhu dai a nisanta shi da rumfa, kowa ya san yadda gobara ta ke da kara.

Amfanin rumfa ba hutu kaɗai ba ne. A watan Maris da Afrilu ɗakin kwano ya kan zama kamar tanda, kuma lokacin ne sanƙarau ya kan yaɗu inda mutane suka cunkusu a ɗaki ba iska. Waɗanda suka ga annobar 1996, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, ba su bukatar a tuna musu. Rumfa ba ta maye gurbin allurar rigakafi ba, amma tana rage cunkoso.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi daɗewa, dasa itace. Mai son inuwa da wuri ya sari babban reshen ceɗiya ko durumi ya kafa da farkon damina, zai kama. Darbejiya tana jure fari, awaki ba su cika damunta ba. Asalinta daga ƙasar Hindu ne, a 1928 aka fara dasa ta a Barno, ga shi yanzu ba garin da ba ta. Wanda ya kawo ta bai sha inuwarta da yawa ba, amma dubi waɗanda suka sha. Mai son inuwa da abin kai wa baki ya nemi mangwaro mai aure, wanda kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 ko 4. Gwaiba ta kan yi a shekara 2 ko 3, gwanda cikin shekara guda, zogale kuwa kafin damina ta fita an fara cin kwaɗonsa. Turare dai a bar shi can gefen gona, gama yana shanye ruwan ƙasa, ba a son shi kusa da rijiya.

Ga yadda a ke dashen. A haƙa rami ƙafa 2 zurfi, ƙafa 2 faɗi, tun da bazara. A cuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen takin awaki a mai da ita ciki. Ba a dasawa sai ruwa ya zauna, watau cikin Yuni ko farkon Yuli, da yamma. A yage ledar, kada a fasa ƙasar da ke jikin saiwa. Babban itace kamar mangwaro ko durumi a ba shi taki 10 daga bango da rijiya da shadda, in ba haka ba saiwarsa za ta yi ɓarna. In da hali a sa shi yamma da ɗaki, don ya tare ranar la'asar, wadda ita ce ke gasa bango har dare. A kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando, domin akuya ɗaya ta isa ta ɓata aikin shekara cikin minti biyar. Da rani a binne tsohon tulu a gefensa, a riƙa cika shi da ruwan alwala ko na wanke hatsi, a rufe bakin. Tulun zai riƙa tsatsafo da ruwan a hankali. A baza ciyawa kewaye da gindin, amma kada ta taɓa jikin itacen saboda gara.

Wani zai ce, mai neman abin da zai ci yau ina ruwansa da inuwar shekara huɗu? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, rumfa ba ta cika ciki. Amma ɗakin da ya faɗi da damina hatsin rumbu a ke sayarwa a tā da shi. Zogalen bayan ɗaki kuma ya kan ɗauke wa uwargida cefanen miya a watannin da rumbu ya yi ƙasa. Ban da wannan, zuciya ma tana bukatar wurin sauka. Mutumin da ya yini yana aikin da idonsa ke ganin ƙarshensa ya fi barci a kan wanda ya yini yana ƙirga abin da ba shi da iko a kai.

Wani kuma zai ce, a wannan ƙasa rani ba lokacin hutu ba ne, ga saran rake, ga dafa mazarƙwaila, ga ban ruwan tumatir da albasa. Haka ne. To, ai don irin wannan aka san gayya. Gida biyar in sun haɗa kai, ko wane mako a yi wa ɗaya yini guda, kafin ruwan fari an gama da kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ya ke abin tsoro shi ne gyaran ganin ido. A kan sami wanda zai buɗe rumbu da kaka, lokacin da hatsi ba shi da daraja, ya sayar don ya sayi siminti da fenti, wai kada maƙwabci ya fi shi. Watan Yuli na zuwa sai ga shi yana awo da tsada, ko yana neman bashi. Siminti ma in an shafa shi a kan bangon ƙasa ba ya daɗewa, ya kan ɓamɓare, ruwa ya shige ta baya ya ci bangon ba a sani ba. Gyaran da zai taɓa abincin iyali ya jira.

Hukuma ita ma tana da nata rabo. Ya kamata ƙananan hukumomin nan uku ko wace ta kafa wurin rainon itatuwa, a Ikara da Makarfi da Hunkuyi, a riƙa sayar da dashe da araha a ranakun kasuwa tun watan Mayu, ba sai Agusta da damina ta raba ba. Malaman gona na shiyyar Maigana su koya wa samari aurar da mangwaro, gama sana'a ce da wuƙa ɗaya da leda sun isa a fara ta. Samaru ba nisa gare ta ba ga mai neman iri nagari ko shawara. Dagatai da masu unguwanni kuma su tsawata a kan sakin awaki da farkon damina.

Farashin taki ba a hannun manomi ya ke ba, haka na fetur. Amma tsakar gidansa a hannunsa ta ke. Kowa ya haƙa raminsa tun yanzu, ya tanadi kara da ƙaya, ruwa na zama ya dasa ko da itace biyu ne. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.