Jirgin yaronka na faɗuwa? Duba yadda ya ɗaura injin

Mai karatu, idan kana da yaro mai ƙera ƙaramin jirgin sama na rimot, shafin wannan makon naka ne. Kwanan baya na je gida Jabo, ƙaramar hukumar Tambuwal, na tarar ɗan ƙanwata ya haɗa jirgi da farin soson kwalin firij. Inji da batir da rimot kuwa da kuɗin ƙwadagon damina ya saya. Sau uku yana sakinsa a gonar da aka girbe gero, sau uku jirgin na ɗaga hanci, ya karkata hagu, ya rafko ƙasa. Mahaifinsa har ya ce a daina ɓarnar kuɗi.

Kuskuren yaron ɗaya ne: ya ɗaura injin a miƙe sak, har da sa rula.

Ka tsaya a bayan jirgin. Galibin farfeloli suna juyawa dama, kamar hannun agogo, sai gangar jirgin ta nemi murɗawa hagu. Iskar da farfela ke turowa ma a nannaɗe take zuwa, ta bugi jelar ta gefen hagu, hanci ya ƙara karkata can. Wannan murɗawar ce ta sa ake yi wa helikofta ƙaramar farfela a jela, har da irin wanda Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya ƙera a Kano da injin mota a 2007, wanda ya tashi ƙafa kaɗan daga ƙasa. Sannan jirgin da fiffikensa ke saman gangar jiki, da ka ƙara totur sai ya hau sama fiye da kima, gudu ya mutu, ya faɗo.

Maganin shi ne injin ya ɗan kalli dama, ya ɗan kalli ƙasa, digiri 2 zuwa 3 kowanne. Ba sai da ma'aunin kusurwa ba. Washa ta wajen bakanike ta isa. Idan tazarar kusoshin da ke riƙe injin milimita 30 ce, washa mai kaurin milimita 1 za ta ba ka kusan digiri 2. Kana bayan jirgin, ka sa washa a kusoshin hagu don ya kalli dama, a na sama don ya kalli ƙasa. Kusar sama ta hagu ce za ta fi samun washa. A nan mutane suka fi rikicewa, domin suna tsayawa a gaban jirgin su juya lissafin.

Kafin duk wannan, ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu, wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba. Idan jela ta rinjaya, matsar da batir gaba. Washa ba ta gyara wannan. Kuma don Allah a cire batir kafin hannu ya kusanci farfela, tana yanka yatsa.

Gwaji da sassafe ake yi, kafin iskar hunturu ta taso. Daidaita jirgin a rabin totur, sannan ka ƙara. In ya haura sama da ƙarfi, ƙara washa ɗaya a sama. In ya duƙa, rage. Canji ɗaya a kowane tashi.

Mu sai a tashi na biyu jirgin ya zagaya gonar ya sauka lafiya. Mahaifin bai ce komai ba, amma shi ya ɗauko jirgin ya kakkaɓe masa ƙura.