Sharhi: Sistocin New Orleans da Zaman Shiru a Laburaren Clinton

Sharhinmu na yau zai kai mu jihar Luwiziyana da ke kudancin Amurka, inda baƙar fata ya shafe sama da shekara ɗari yana kokawa kafin a bar shi ya ɗauki littafi ya zauna ya karanta kamar kowa.

A shekarar 1830 majalisar jihar ta yi dokar ɗaure duk wanda aka kama yana koya wa bawa karatu ko rubutu. Cikin wannan hali ne wata baƙar fata 'yantacciya mai suna Henriette Delille, tare da ƙawayenta Juliette Gaudin da Josephine Charles, suka kafa ƙungiyar sistoci ta Iyali Mai Tsarki a birnin New Orleans a 1842. Me ya sa sai sun kafa tasu? Saboda gidajen sistocin fararen fata ba sa karɓar baƙar mace, komai ibadarta. Sistocin Ursuline ma, waɗanda suke birnin tun 1727, sun mallaki bayi.

Ga wanda bai san rayuwar gidan sistocin Katolika ba, mace kan ɗauki alkawari uku ne: ba za ta yi aure ba, ba za ta tara dukiyar kanta ba, za ta kuma yi biyayya ga shugabar gida. Da asuba addu'a, da rana aiki, da dare addu'a. Aikin waɗannan bayin Allah shi ne koya wa bayi addini, koyar da 'ya'yan baƙaƙe 'yantattu, riƙon marayu, da jinyar tsofaffin da iyayen gijinsu suka ci moriyar ƙarfinsu suka yar. Da annobar shawara ta auka wa birnin a 1853, suna cikin masu jinya. Duk da haka, sai a 1872, shekara 10 bayan rasuwar Delille, aka yarje musu su fita bainar jama'a sanye da tufafin sistoci. A 1867 suka buɗe makarantar 'yan mata ta St. Mary, wadda har yau tana nan. A 1881 kuma suka sayi wani shahararren gidan rawa a tsohuwar unguwar birnin, suka mai da shi masauki da azuzuwa.

To amma yaron da sista ta koya wa karatu, in ya tashi daga makaranta, ina zai sami littafi? Laburaren gwamnati da harajin ubansa ke ciyarwa ba ya shiguwa gare shi. Sai a 1915 aka buɗe wa baƙaƙen New Orleans reshe nasu a titin Dryades, da kuɗin attajirin nan Andrew Carnegie. A tsakiyar shekarun 1950 ne birnin ya buɗe ɗakunan karatunsa ga kowa. Karkara kuwa ta yi kunnen uwar shegu.

A wancan lokaci, a garin Clinton da ke karkarar jihar, akwai laburaren Audubon da ke hidima ga gundumomi uku. Yana da motocin raba littattafai guda biyu: ja ta fararen fata, shuɗiya ta baƙaƙe. Katin baƙar fata ma sai an buga masa hatimin launinsa. Ranar Asabar 7 ga Maris, 1964, wani saurayi baƙar fata mai suna Henry Brown da abokansa huɗu suka shiga reshen na Clinton. Brown ya nemi wani littafi kan tarihin baƙar fata. Ma'aikaciyar ta duba, ta ce babu, amma za ta nemo masa daga laburaren jiha, sannan ta ce su fita. Brown ya sami wuri ya zauna, sauran suka tsaya kusa da shi. Ba wanda ya ɗaga murya. Cikin 'yan mintuna shugaban 'yan sandan gunduma ya iso ya kama su da laifin ta da zaune tsaye, kotu kuma ta same su da laifi. Abin dariya, abin takaici, daga baya an aiko wa Brown littafin ta gidan waya, da umarnin ya mayar ta gidan waya ko ya miƙa wa shuɗiyar mota. Reshen kuwa aka rufe shi. Wato hukuma ta gwammace kowa ya rasa da a zauna kan benci ɗaya.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya game da cocin Katolika kanta, domin manyanta sun yi jan ƙafa. Akbishop Joseph Rummel na New Orleans ya bayyana tun 1956 cewa wariyar launin fata zunubi ce, amma makarantun Katolika ba su haɗa ɗalibai ba sai 1962, shekara biyu bayan makarantun gwamnatin birnin sun fara. Da ya tashi yi kam ya yi da ƙarfi, har ya kori ɗan siyasar nan Leander Perez da wasu mutum biyu daga coci saboda adawa da haɗa ɗaliban. Sai dai a ganina yabon farko na sistocin Iyali Mai Tsarki ne, waɗanda suka riga shi da shekara 120, ba su da muƙami, ba su da kariyar doka.

Mu koma Clinton: shari'ar Brown ta kai Kotun Ƙolin Amurka. Ranar 23 ga Fabrairu, 1966, kotun ta soke hukuncin, Mai Shari'a Abe Fortas ya rubuta cewa zaman shiru don nuna rashin yarda da wariya a laburaren jama'a haƙƙi ne da tsarin mulki ya kare. Alƙalai biyar ne suka goyi bayan samarin, huɗu suka ƙi. Da alƙali ɗaya ya sauya ra'ayi, da hukuncin Clinton ya tabbata a kansu.